Yadda ake binciken cutar hapis idan kawa ta fara mutuwa a gonar teku

Bairas ɗin hapis na kawa da ake kira OsHV-1 shi ne babban abin tsoron masu kiwon kawar Fasifik, wato Crassostrea gigas. An gan shi a gidajen ƙyanƙyasar Faransa a 1991, amma ɓarnar gaske ta fara ne a 2008, da wani nau'insa mai suna µVar ya bayyana yana kashe 'ya'yan kawa tuli. A 2010 ya ɓulla a kogin Georges na Ostareliya. Yana kama dangin kawa masu binne kansu a yashi ma, irin su Ruditapes philippinarum tun suna ƙanana, da Scapharca broughtonii a ƙasar Sin. Ba ya kama mutum. Abin da mai bincike zai riƙe tun farko shi ne, ganin bairas a jikin kawa bai nuna shi ya kashe ta ba, domin lafiyayyar kawa ma tana iya ɗauke da shi kaɗan. Sai an auna yawansa, an kuma ga ɓarnarsa a nama.

A fara da zafin ruwa. A Turai annobar kan tashi idan ruwa ya haura digiri 16, a Ostareliya kuwa sai ya wuce 20. A ɗaure na'urar da ke rubuta zafi kowace awa a jikin kwandon kawar, a tsayin da kawar take, domin wadda teku ke janyewa ya bari a rana tana shan zafin da ma'aunin da ke ƙasan ruwa ba zai nuna ba. A rubuta shekarun kawar, da gidan da aka ƙyanƙyashe ta, da ranar da aka taɓa ta ko aka sauya mata wuri.

Wajen ɗibar samfuri ne aka fi yin kuskure. Mutane kan kwaso matattu saboda su ne a fili, alhali namansu ya soma ruɓewa, bakteriya sun cinye abin da ake son gani. A nemi masu magagin mutuwa: ɓawonsu a ɗan buɗe, idan an taɓa su sai su rufe a hankali ko su kasa rufewa sosai. A ɗebi kamar 30, a haɗa da wasu masu kamar lafiya daga kwando ɗaya, da wasu daga inda mutuwa ba ta kai ba, kowane rukuni a jakarsa. A sa su kan ƙanƙara, kada ruwanta ya taɓa su, a kai ɗakin gwaji cikin awa 24.

Kowace kawa da wuƙarta, ko a tsabtace wuƙar da bilic a ɗauraye kafin a buɗe ta gaba. Gwajin DNA da za a yi yana da kaifi ƙwarai, ɗan abin da ya maƙale a bakin wuƙa ya isa ya shafa wa lafiyayya cutar da ba ta da ita. A yanki miligiram 25 zuwa 50 daga sashen numfashi da tantanin da ke lulluɓe da jikinta, a jefa cikin itanol mai ƙarfin kashi 95, ko a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifili. A yanki wani sashe a gicciye don dubawa a madubin ƙara girma, a jiƙa a ruwan Davidson mai hana nama lalacewa, ninki goma na naman, awa 24 zuwa 48, sannan a mayar da shi itanol mai kashi 70. Naman da aka daskarar ba ya amfani a wannan sashe, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyinsa.

Da gwajin qPCR ake ƙirga kwafin DNA na bairas a kowane miligiram. Inda shi ne ke kisa, adadin kan haura 10,000, sau da yawa har miliyoyi. Ƙasa da haka, a ci gaba da neman wani dalili. Don tantance µVar, a karanta jerin DNA na bairas ɗin a yankin da ake kira ORF4, inda aka san ya rasa harufa 12. A madubin ƙara girma kuma za a ga cibiyar ƙwayoyin naman haɗi ta kumbura, abin cikinta ya taru a gefe. A binciki bakteriyar Vibrio tare, domin binciken da masanan Faransa suka buga a 2018 ya nuna bairas ɗin yana karya ƙwayoyin jinin da ke kare kawa, bakteriya su ƙarasa ta.

Ba a da ƙwayoyin halittar da ake rainon wannan bairas a cikinsu kamar yadda ake yi wa na mutane, saboda haka daga naman marasa lafiya ake samo shi idan ana son gwada shi a kan lafiyayyar kawa. A niƙa naman da ruwan teku mai tsabta ninki goma, a tace daki-daki daga maikiron 5 har zuwa 0.22, wanda ke tare bakteriya ya bar bairas ya wuce. A jiƙa lafiyayyun 'ya'yan kawa a ruwa mai giram 50 na magnesiyam kulorayid a lita har su saki ɓawo, a yi musu allurar maikirolita 100 a tsokar da ke rufe ɓawon, a ajiye su a digiri 21 zuwa 22. Mutuwa kan fara a kwana na biyu ko na uku. Dole a ware rukunin da aka yi wa allurar ruwan teku zalla. Idan su ma suna mutuwa, laifin hannu ne ko na tanki, a sake gwajin. Kada zafin tanki ya kai 29, domin a nan bairas ɗin yana raguwa, sai a zaci kawar ce mai juriya. Allura kuma tana tsallake kariyar jiki, don haka mai zaɓen iri mai juriya gara ya zaunar da lafiyayyu tanki ɗaya da waɗanda aka yi wa allurar.

Ruwan gwaji ba ya komawa teku sai an kashe abin da ke cikinsa. Zafin digiri 50 na minti 5 yana kashe bairas ɗin, haka maganin kashe ƙwayoyin cuta na Virkon mai kashi 1 na minti 15. Kulorin kuwa laka da ragowar nama suna cinye ƙarfinsa, sai an wanke kwanduna da tankuna tas kafin a zuba shi.