Yadda Ake Gane Irin Ƙarfe da Sikeli da Ruwa Kawai

Kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na dalma nauyinsu ɗaya, sai dai audugar ta ci wuri, dalmar kuwa ko tafin hannu ba ta cika ba. Abin da ya raba su shi ne cunkoso, wato yawan nauyin da ya dunƙule a ɗan wuri. Lissafinsa: ka raba nauyin abu da girman wurin da ya ci. Kowane ƙarfe da nasa adadin, don haka awon kan tona asirinsa.

Da farko ka ɗora ƙarfen da kake son ganewa a sikeli yana bushe, ka rubuta nauyinsa da giram. A ce ya ba ka giram 54.

Sai girma, kuma nan ne aikin yake. Abu mai kusurwa huɗu, tsawo sau faɗi sau tsayi ya wadatar. Amma guntun ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe sai da ruwa. Zuba ruwa a kwalbar awo mai zane-zanen mililita, a ce zuwa 50. Ɗaure abin da zare, ka zura shi a hankali har ya nutse duka, ka ɗan girgiza don kumfar da ta maƙale masa ta tashi. Durƙusa idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta daga ƙasan lanƙwasarsa, ba daga gefen da ya ɗan hau jikin kwalba ba. In ruwan ya kai 70, girman abin mililita 20 ke nan.

Yanzu raba 54 da 20, ka sami 2.7, wato giram 2.7 a kowace mililita. Wannan alminiyam ne. Da baƙin ƙarfe ne, da wajen 7.9 za ka gani. Jan ƙarfe 8.9, azurfa 10.5, dalma 11.3, zinariya tsantsa 19.3. Ruwa kuwa 1 ne, shi ya sa duk abin da bai kai 1 ba yake yawo a kansa, kamar ƙanƙara mai 0.92.

Lissafin yana juyuwa. In ka san cunkoso da girma, ninka su ka sami nauyi: ruwa lita 20 kilo 20 ne ba sai ka auna ba. In nauyi da cunkoso ka sani, raba na farko da na biyu girma ya fito.

Amma kada ka ɗora wa dabarar abin da ya fi ƙarfinta. Abu mai rami a ciki zai ruɗe ka, don iskar cikinsa ta shiga lissafi. Ƙaramin zobe ma haka: zinariya giram 5 ba ta wuce kwatan mililita da kaɗan ba, ido ba zai kama wannan motsin ruwan ba. Sannan akwai ƙarfen tangistan, wanda cunkosonsa kusan daidai yake da na zinariya, har maha'inta kan lulluɓe shi da ita. Irin wannan sai a kai wa masu na'urar gwaji.