Tsukewar Jijiyoyin Jini Bayan Tiyatar Ƙari a Gindin Ƙwaƙwalwa: Kurakuran Masu Jinya

Babban kuskure shi ne sakin jiki da wuri. An cire ƙarin, majinyaci ya farfaɗo, ya sha kunu, 'yan dubiya sai "Allah ya ƙara sauƙi", kowa ya ɗauka an tsallake. Alhali manyan jijiyoyin da ke shayar da ƙwaƙwalwa a nan gindin suke, kusa da inda aka yi aikin. Idan jini ya tsiyaya kewaye da su, ko an taɓa su lokacin tiyata, sukan tsuke daga baya, jini ya rage isa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan zai zo, yawanci tsakanin kwana 3 zuwa 14 ne, wani lokacin har an sallami mutum.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai, fassara alamu da ka. Baba ya fara barci ba ƙaƙƙautawa, a ce allurar barci ce ba ta sake shi ba. Wace allura ce za ta yi mako a jiki? Ya kira jikarsa da sunan wata, cokali ya suɓuce daga hannun dama, baki ya ɗan karkace, magana ta yi nauyi, sai a ce gajiya ce ko iska, a kunna turare a jira gari ya waye. Duk sabon canji irin wannan, a kira likitan da ya yi aikin nan take, ko da tsakar dare ne, domin jinkiri na iya zama shanyewar ɓarin jiki. Hoton jijiyoyi na CT da gwajin jini ne za su bambance, don raguwar gishirin jini ma kan kawo irin wannan rikicewar, musamman bayan tiyatar pituitari, wato wata 'yar halitta a gindin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadaran da ke daidaita aikin jiki.

Akwai kuma masu ganin awon jini ya ɗan hau su miƙa maganin hawan jini na gida. Kada a yi. Likitoci da gangan sukan bar shi sama, don jini ya ratsa jijiyar da ta tsuke.

Ruwa ma haka. Wanda aka yi wa aiki kusa da pituitari kan yi fitsari fiye da kima, jiki ya bushe, tsukewar ta ƙara muni. Kada a rage masa ruwa ko a bar shi ya ɗauki azumi sai da izinin likita, kuma a riƙa rubuta yawan abin da ya sha da wanda ya fitar. Idan an rubuta nimodipine, maganin rage illar tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yawanci duk bayan awa 4 ake shansa, har da na dare.