Yadda zaka gyara ceka filet ɗin tsohuwar mota ba tare da ka kashe kuɗi da yawa ba

Duk mai tsohuwar a-kori-kura ko jif ko ƴar tirela ya san wannan ƙarfen mai tudu-tudu da ake shimfiɗawa a bayan mota, ko a matakin hawa, ko saman bamba, ko murfin akwatin kayan aiki, wanda masu walda suke kira ceka filet. An yi masa tudun ne don kar ƙafa ta zame, amma kuma tudun nan shi ne yake sa gyaransa yafi na ƙarfe mai santsi wahala nesa ba kusa ba, saboda ruwa da laka da mai duk a gindin tudun suke kwanciya, tsatsa kuma daga nan take farawa. Abin da yake bani takaici shi ne yadda mutum zai je ya sayo fenti mai tsada ya fesa akai haka nan, ranar yayi kyau kamar sabo, kafin wata biyu ya fara saɓa kamar maciji, sai kaji yana zagin fentin alhali fentin bai yi laifin komai ba, tsatsar da aka bari a ƙarƙashi ce take turo shi. Gaskiya kusan duk aikin nan a kankara da wanki yake, kuma wannan ɓangaren ƙarfinka yake ci ba aljihunka ba.

Kafin ka sayi komai ka nemo maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ne, ka ɗora akan farantin. In ya kama toh ƙarfe ne, dashi muke magana. In bai kama ba to mai yiwuwa alminiyam ne, shi baya yin jar tsatsa sai dai ya dusashe yayi fari-fari, kuma kar ka sa masa burushin waya na ƙarfe, hanyarsa daban ce. Akwai kuma ƙarfen da aka yiwa ruwan tutiya, wato galbanaiz, irin launin kwanon rufi, shi maganaɗisu yana kama shi amma fentin mai na yau da kullum baya zama akansa, ɓarewa yake, sai ka nemi firaima, wato fentin shimfiɗar farko da ake sa wa ƙarfe kafin na sama, wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa na galbanaiz ne, kuma in za a yi masa walda a yi a fili don hayaƙin tutiya yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Sai ka ɗauki sukudireba ko ƴar guduma ka bi wuraren da tsatsar tafi yawa kana daddanna wa, musamman kusurwoyi da bakin ramin noti. Irin wannan farantin da ake sa wa mota yawanci bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba a kauri, wasu sun ɗan fi haka, don haka in tsatsa ta daɗe tana ci zaka ji wurin yana lotsawa ko ma sukudireban ya ɓula. Wurin da ya ɓule fenti ba zai ceto shi ba, kuma dan Allah kar ka cusa masa fila irin ta gyaran bodi, wurin da ake takawa ne, tsagewa zata yi. A yanke wurin a walda masa faci, ƙaramin aiki ne a wajen mai walda, a cire kan batir kafin a fara.

In farantin da noti aka ɗaure shi, ka kwance shi ka sauke ƙasa ko da zai ci maka rana guda, ka jiƙa notin da man kwance tsatsa tun daren jiya. Ni karon farko da nayi irin aikin nan a bayan tsohuwar motata saman kawai na gyara, na kankare tas nayi fenti mai kyau, da ruwan sama ya sauka akai ƴan lokuta sai naga jan layi yana fitowa daga bakin kowane noti yana gangarowa kamar hawaye. Da na kwance na juya shi, ƙasan gaba ɗaya ɓawon tsatsa ne da busasshiyar laka, kana taɓawa yana zubowa, daga can take zagayowa. Dole na sake aikin daga farko. In kuma walda aka yi masa ba zai fitu ba, toh ka leƙa ƙarƙashin motar ka san inda tankin mai da bututunsa suke kafin ka kunna giranda, tartsatsi da tururin fetur basa shiri ko kaɗan.

Wanki ne farko, kafin kankara. Mutane suna tsallake wannan, sai burushin wayar ya kwashi giris da baƙin mai ya shafe ko ina dashi har cikin ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa. Ruwa mai ɗumi da garin sabulun wanki da burushi mai tauri sun isa, ka goge ka ɗauraye ka barshi a rana ya bushe ƙamas. Kalanzir da man gas suna narkar da giris amma suna barin maiƙo a baya, in kayi amfani dasu sai ka sake bi da sabulu.

Yanzu kankara, nan ne zaka daɗe. Burushin waya mai kama da kofi da ake ɗaurawa a giranda shi yafi dacewa, in babu giranda akwai wanda ake sa wa injin huda, in shima babu to burushin waya na hannu yana yi sai dai kafaɗa zata gaya maka. Abin da ba zaka sa ba shi ne dutsen gurza ko faifan nan mai fuka-fukan samfefa, cikin ƙiftawar ido zai cinye kan tudun ya bar maka wuri a baje, kuma tudun da ya tafi baya dawowa. Ka tsaya ka kalli zanen da kyau, zaka ga tudun ba hanya ɗaya suke kallo ba, wannan ya kwanta haka na kusa dashi ya gicciye, don haka in ka ja burushi ta hanya ɗaya kawai zaka share gefe guda na kowane tudu ka bar ɗaya gefen da ɗan siririn layin tsatsa a laɓe, kuma shi ne zai fara tasowa. Ka bi ta tsaye, ka bi ta kwance, sannan ka bi ta karkace dama da hagu, kana yin ƙaramin fili kamar taku ɗaya ka gama shi kafin ka matsa gaba. Idan ka gama ka haska tocila ta gefe daf da ƙarfen ka duba gindin tudun, abin da idonka bai gani daga sama ba a nan zai fito. Kar ka danne girandar da ƙarfi, bakin wayoyin ne suke aikin, dannewa karya su kawai take yi.

Wayoyin nan kuwa suna tsinkewa su taso kamar allura, suna huda riga, don haka tabarau na kariya dole ne, da safar hannu da riga mai kauri wadda bata da lilo. Sai takunkumin ƙura na gaske, domin tsofaffin fentin mota da dama akwai dalma a ciki, ƙurarsa guba ce, ka kori yara daga wurin kuma ka share ƙurar a jiƙe. Wasu zasu ce maka ka kai a yi masa feshin yashi, eh shi yafi komai fitar da tsatsa daga irin wannan zanen, in kuɗin bai fi ƙarfinka ba ka kai, amma kar ka haɗa naka a gida da yashin gini, ƙurar silika da ke cikinsa tana lalata huhu kuma babu maganin da yake dawo dashi.

Wani abu da ba kowa ya lura dashi ba, burushin waya yana goge ƙarfe har yayi sheƙi yayi santsi, wani lokaci ma tsatsar ce yake gogewa tayi baƙi tana ƙyalli ka zaci ƙarfe ne. Fenti baya kama santsi. Ka bi bayansa da samfefa mai lamba 80 zuwa 120 da hannu, ka ninke ta kana cusawa tsakanin tudun, don dai ƙarfen ya ɗan yi kaushi.

Duk ƙoƙarinka akwai tsatsar da zata rage a cikin ƴan ramuka, ita ce ake sa wa maganin tsatsa. Yawancinsu ko dai asid ɗin fosforik ne a ciki, wanda yake juya tsatsa ta koma wani abu mai launin toka-toka da baya ci gaba da cin ƙarfe, ko kuma asid ɗin tanik wanda yake mayar da ita baƙa. Kwalba ƙarama tana isa domin shafawa ake da burushi siriri, ba kwarara ba. Ka karanta jikin kwalbar, wani ana ɗauraye shi wani kuma barinsa ake ya bushe a yi fenti akai, in ka juya musu aiki ka ɓata rawarka da tsalle. Idan ya bushe ka ga farin gari-gari a gindin tudu, asid ne ya taru a wurin, ka goge shi tas, fenti baya zama akan garin nan. Ruwan batir kuma ko asid ɗin da ake wanke tayil dashi, ka rabu dasu, suna cinye tsatsa nan take amma abin da suke bari a jikin ƙarfe sai ya jawo wata tsatsar da tafi ta farko.

Ƙananan guntaye kamar na matakin hawa zaka iya jiƙa su cikin farin binega, wanda asid ɗinsa kusan kashi 5 ne cikin 100, kwana ɗaya ko biyu a cikin roba, ka fito dasu ka goge, ka ɗauraye da ruwan da aka zuba bekin soda don ya kashe tsamin, sai ka busar da wuri, domin ƙarfe tsirara in ya jiƙe kana tsaye zaka ga ya fara yin ja-ja. Shi yasa nake cewa ranar da ka gama kankara ranar zaka sa shimfiɗar farko, kar ka barshi ya kwana a waje raɓa ta sauka akai.

Ka goge da tsumma mai tsabta da tina, wato ruwan da ake sirka fenti dashi, har sai tsumman ya daina yin baƙi, sannan firaima. Mafi sauƙin kuɗi shi ne jan nan, red oksaid, kuma yana aiki in ƙarfen ya tsabtatu. Mai tutiya a ciki ya fishi kariya amma yana son ƙarfe tsirara sosai, mai efoksi da ake haɗa gwangwani biyu kuma shi ne gaba dasu duka in aljihu ya yarda. Shafin farko ni da burushi nake yinsa ko da ina da injin feshi, ina daddanƙara bakin burushin a gindin tudu kamar mai buga tambari, don feshi ta gefe ɗaya yana barin inuwa a bayan kowane tudu, irin matsalar burushin waya ce dai ta dawo. Amma siriri. In ka lafta, fentin zai gangara ya taru a kwarin, samansa ya bushe cikinsa ya zauna danƙo, bayan sati ka danna farce ya shige. Shafi biyu sirara, kuma ka fara da ƙasan farantin da gefuna da cikin ramin noti kafin ka zo saman da ake gani. Ka guji ranar da iska take da danshi sosai, masu fentin ƙarfe basa son ya haura kashi 85, haka nan kar kayi a tsakar rana ƙarfe ya ɗau zafi, fentin zai bushe kafin ya kwanta.

Na sama kuma fentin mai, wato inamel na ƙarfe, shafi biyu ya wadatar. Wanda baya sheƙi sosai yafi rufe ramukan da tsatsa ta bari, mai sheƙi tona su yake kuma yana santsi in ya jiƙe. Kafin ka shafe duka ka gwada a lungu ɗaya, domin fentin da ake sirkawa da tina mai ƙarfi in ya hau kan na mai da bai gama ƙanƙamewa ba yamutsa shi yake. Akwai baƙin nan mai kauri da ake shafawa a bayan a-kori-kura, yana jure duka sosai amma in ka cika shi zai cike zanen, kuma ya fi tsada. Fentin mota da ake haɗawa da hadna, wato sinadarin da yake sa shi ya ƙanƙame, wanda ake ce wa 2K, kar ka fesa shi da takunkumin ƙyalle, sinadarin aisosayanet da ke ciki yana jawo ciwon asma mai tsanani. Ga matakin hawa ga dabara mai arha, ka tankaɗe yashi mai laushi ka busar dashi sosai, ka barbaɗa kaɗan akan shafin farko yana ɗanye, in ya bushe ka share wanda bai kama ba ka rufe da shafi na biyu, ko da takalmi a jiƙe ƙafa zata kama.

Fentin mai yana bushewa a hannu cikin awoyi amma bai yi ƙwari ba sai ya kwashi sati ko fiye, kar ka loda masa kaya kafin nan. Wajen mayarwa ka sa sabbin noti in tsofaffin sun ci, ka ɗiga fenti ko giris a kowane rami, ka tabbata ramukan fitar ruwa a buɗe suke, in ma babu ka huda biyu a kusurwar da ruwa yake taruwa ka shafe bakinsu da fenti. Shimfiɗar roba da ake ɗorawa akai tana riƙe ruwa a ƙasanta, in zaka sa ka riƙa ɗaga ta tana shan iska. Kan tudun kuwa zai goge komai tsadar fentin da ka sa, tunda shi takalmi da kaya suke fara taɓawa, wannan ba abin damuwa bane, ka rufe ragowar fentin da kyau ka ajiye da ƙaramin burushi, duk sanda ka wanke mota ka ga wurin da ƙarfe ya leƙo ka ɗan goga samfefa ka ɗiga masa.