Kurakuran da masu kawo labaran Zamfara suka fi yi, da yadda za a gyara

Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 da aka kwashe ɗalibai mata a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, 'yan sanda sun ce 317 ne. Da aka sako su ranar 2 ga Maris, gwamnati ta ƙirga 279. Wanda ya rubuta "'yan sanda sun ce 317" ya fita. Wanda kuwa ya rubuta "an sace 317" kai tsaye, ya bar jama'a suna tambayar ina sauran 38. Don haka kowane adadi ka jingina shi ga bakin da ya fito, ka kuma faɗi lokacin da aka faɗe shi. "Majiya ta ce" ba ta wadatar ba. Ganau ce ko jiyau?

Hoton da ya shigo ta WhatsApp, ka saka shi a Google Lens, manhajar binciko asalin hoto, tukuna. Sau da yawa za ka tarar tsoho ne, ko ma daga wata ƙasa. Hoton gawa kuma ka bar shi a wayarka, mamacin yana da uwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne laƙaba wa ƙabila laifi. In ka rubuta "Fulani sun kai hari", ba ɓarayin dajin ne za su ɗanɗana kuɗarsu ba, suna can da bindigoginsu. Makiyayin da ya kawo ɗan maraƙinsa kasuwa, ko mai tallan nono da ƙwaryarta a ka, su za a tare a hanya. Ka ce 'yan bindiga, ka tsaya nan. Haka kalmar "infoma", wato mai kai wa 'yan bindiga bayani. A ƙauyukanmu ka kira mutum da ita a Facebook, wallahi kamar ka haƙa masa kabari ne. Ko wanda 'yan sanda suka yi holinsa a Gusau, sunansa "wanda ake zargi" har sai alƙali ya yanke hukunci.

In an zargi hakimi ko 'yan sa-kai, nemi jin ta bakinsu. Ba su ɗaga waya ba? Rubuta cewa ka kira ba a ɗauka ba.

A kula da sunayen garuruwa ma. Maru daban, Maradun daban. Birnin Magaji tamu ce, Birnin Gwari tana Kaduna.

Sai ranar da ka yi kuskure, don kowa yana yi. Kada ka goge labarin shiru, an riga an tura shi gaba. Ka rubuta "Gyara" a samansa, ka faɗi abin da ka ce da fari da abin da ya tabbata, sannan ka bi duk zaurukan da ka tura na farkon ka ajiye musu gyaran.