Yadda na samu tayar gudu ga jantin Toyota GT86

Jantin asali inci 17 ne, faɗinsa inci 7, taya 215/45 R17 (lambar farko faɗin taya ce a milimita). Na zagaya Yamai ban samu ta gudu a wannan lamba ba. Wani a kasuwar Katako ya ce in sa 245/40, amma tana buƙatar janti mai faɗin inci 8, in ba haka ba gefenta ya kumbura, motar ta riƙa lilo a kwana.

225/45 R17 mai harafin W, alamar tana jure gudu sosai, ita ce ta zauna daram. Tsayinta ya ƙaru da milimita 9 kacal, ba ta gogar komai ko an murɗe sitiyari ƙarshe. Kafin in biya na duba lambobi huɗu na ƙarshen DOT, lambar da ke rubuce a gefen taya, masu nuna sati da shekarar ƙira, don zafin nan yana busar da tsohuwar roba. Aka daidaita ƙafafun huɗu da darma, iska bar 2.4 da sanyin safiya. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa mai facin.