Wane bariyabul za ka fara tsagawa?

Wani ƙanena da ke yi wa 'yan gwari lissafi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya kira ni jiya, wai tun la'asar kwamfutarsa ke juyawa har bayan isha'i babu amsa. Tambayarsa guda biyu ce, a kama sito a Agege ko a Ikorodu ko duka biyun, sannan tirelar albasa nawa za a sauke a kowanne.

To ga yadda abin yake. Solba, wato manhajar da ke warware irin wannan lissafi, ta kan fara sassauta sharaɗin cewa amsa ta zama cikakkiyar lamba, sai ta ce maka tirela 2.6, sito kuma a buɗe 0.4, alhali babu direban da zai taso daga Sakkwato da guntun tirela. Sai ta tsaga matsalar gida biyu, tirela 2 zuwa ƙasa, ko 3 zuwa sama, haka za ta yi ta tsagawa reshe bayan reshe har bishiya ta tsiro. Ailsa Land da Alison Doig ne suka kawo dabarar a 1960. Bariyabul ɗin da ka fara tsagawa, wato abin da ake neman adadinsa kamar tirela ko sito, shi ke sa bishiyar ta tsaya ƙarama ko ta zama daji.

Kar ka ɗauki wanda guntunsa ya fi kusa da rabi don kawai ya fi kama ido, Achterberg da Koch da Martin sun gwada a 2005, kusan daidai yake da canki-canka.

Abin da ke aiki shi ne ɗanɗano, ka ɗauki 'yan takara kaɗan, ka tsaga kowanne na gwaji hagu da dama, ka ga nawa iyaka ta motsa, wato mafi kyawun sakamakon da reshen zai iya kaiwa, sai ka ninka motsin ɓangarorin biyu da juna don kar wanda ya yi kyau ta gefe ɗaya kawai ya yaudare ka. Bishiya na ƙanƙancewa sosai amma yana cin lokaci. Mai arha kuma shi ne littafi, duk tsagawar da aka yi a rubuta abin da ta jawo, gaba a riƙa kiyasi da shi, sai dai a farko littafin fanko ne kuma a nan ne zaɓi ya fi nauyi. Shi ya sa wata solba mai suna SCIP ke haɗa su, a yi ta ɗanɗano har bariyabul ya tara tarihi sannan a koma littafi.

Amma ni inda na fi damuwa, kai ka san kasuwarka, solba ba ta sani ba. Sito shi ne uwa, in an yanke buɗe shi ko rufe shi tireloli da yawa sun san makomarsu da kansu. A solbar Gurobi akwai saitin fifiko mai suna BranchPriority, ka ba sito lamba 10 ka bar tirela a 0, za ta fara da babba.

Na ce wa ƙanen nawa ya canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, ya maimaita da iri (seed, lambar da solba ke fara canke da ita) daban-daban kamar sau biyar, kuma agogo da ragowar tazara tsakanin amsar da aka samu da iyaka zai duba, domin rassa na iya raguwa lokaci kuma ya ƙaru. In ka ga fifikon bai taimaka ba, cire shi ka mayar da saitin asali.