Yadda Za a Riƙe Hankalin Mutanen Gida Idan Rayuwa Ta Yi Tsanani

A Maraɗi mun iya taimakon juna da tiyar hatsi, mun iya kai gudummawar biki, mun iya zaman makoki har a yi sadakar bakwai. Inda muke da rauni shi ne lura da mutumin da damuwa ke ci alhali yana tafiya da ƙafafunsa, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau". Ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Zariya, kuma ɗaya daga makullan akwatin asusun matan layinmu yana hannuna. Abin da zan faɗa a wurin zaman asusun nan na tara shi, sai kuma wanda ma'aikatan lafiya suka koya mana.

Kowa ya san abin da ya bi ta kanmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyaka, garin da ke cin abinci da hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya tsaya cik. A shekarar ce kuma dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarunfa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya zo, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kaya suka yi tashin gwauron zabi. Daminar 2024 ta kwantar da gidajen ƙasa da yawa a cikin gari, ta tafi da rayuka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani har zuwa taɓin hankali. Wasu daga cikinsu da su muke bin layi a famfo.

Ku fara da faɗa wa juna gaskiyar halin da gida ke ciki. Na ga maƙwabcina da fataucinsa ya karye lokacin rufe iyaka. Kullum da safe sai ya sa rigarsa mai guga ya fita, ya wuni a tasha bai sayi komai ba, bai sayar da komai ba, ya dawo da magariba fuska a ɗaure. Matarsa ta ɗauka aure yake nema. Shi kuma ya ɗauka raina shi ta fara yi. Gidan ya kusa watsewa a kan abin da babu shi, don rashin sani ya fi dare duhu. Ga yadda suka gyara, kuma shi nake ba kowa shawara: a zaɓi bayan isha'i, yara sun kwanta, kada a yi maganar a lokacin da ake neman kuɗin cefane. Uwargida ta ce, "Malam, zo mu ga abin da ya rage mana." A ƙirga hatsin da ke ɗaki, a san tiya nawa ake ci a rana, a faɗi bashin da ke kai da wanda ake bin mutane, har jika ɗaya kada a ɓoye. In gidan mata biyu ne, a yi a gabansu duka, don abin da aka faɗa wa ɗaya a ɗaki shi ne fitinar gobe. Lissafin ba zai ƙara ko ƙwayar gero ba. Amma wanda ya san hatsinsa zai kai wata biyu yana iya yin barci ya tashi ya nemi dabara, wanda bai sani ba kuwa zullumi yake kwana yi.

Yara suna gani, ko an ɓoye musu. A faɗa musu daidai hankalinsu: bana kuɗi sun yi ƙasa, ba laifinku ba ne, manya na nema. Sannan a tsare musu lokutan da suka saba. Lakwal da safe, makarantar allo da yamma, a zauna a ci abin da ya samu a lokaci guda, ko da fura ce tsinkakkiya. Yaron da ya ga ruwa ya rushe ɗakinsu, ko ya ji harbin bindiga da dare, yana iya komawa fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya maƙale wa uwa, ko ya riƙa firgita cikin barci, ko ya zama mafaɗaci. Tsoro ne ke fitowa ta nan, duka kuwa ƙara shi yake yi. A jawo shi jiki, a bar shi ya yi wasa da ƴan'uwansa, a yi masa tatsuniya. Kuma don Allah a daina kunna bidiyon kashe-kashe na WhatsApp a tsakar gida yara na leƙe.

Inda na fi son a tsaya a yi nazari shi ne zama da wanda abin ya dama. Mun saba mu shiga, mu yi sallama, mu ce "sai haƙuri, wasu sun fi ki shiga uku", mu tashi. Niyyar mai kyau ce, amma baki muka rufe mata, har ta ji kunyar abin da ke cin ta. Ni in zan je wurin mace irin wannan, da aiki nake zuwa: kwanon gyaɗa mu ɓare, ko zogale mu tsince. Hannu na aiki, ido ba ya cikin ido, magana ta fi saurin fitowa. Ba na tambayar "me ke damun ki?" don amsar "babu komai" ce. Sai in ce, "Yaya, kina samun barci kuwa?" ko "Yau kin sa wani abu a bakinki?" Wata baƙuwa da aka saukar a layinmu daga wajen iyaka, mun ɓare gyaɗa tare har kwanon ya kusa ƙarewa ba ta ce uffan ba. Can sai ta ce, "Inna, da na rufe ido ƙarar babura nake ji." Na ce mata, "Ina jin ki." Ban ƙara komai ba, ban kuma tambaye ta abin da aka yi musu a daren ba. Kada a matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi. In ya so zai faɗa, in ya yi kuka a bar shi ya yi. Bayan nan a tambayi abin da yake bukata yau: itace, rakiya zuwa asibiti, wanda zai riƙe yara na wuni ɗaya. Addu'a da nasiha suna da wurinsu, kuma sun fi shiga bayan mutum ya ji an saurare shi. Abin da aka ji kuma ya tsaya a nan. Sirri ɗaya da ya fita zuwa gidan suna ya isa ya sa matan layi duka su yi shiru shekara guda.

In zuciya ta fara bugawa fat-fat, numfashi na sama-sama, a zauna a kafa ƙafa a ƙasa, a ja iska a hankali ta hanci, a sake ta a hankali fiye da yadda aka ja, a maimaita har jiki ya lafa. Samarin fada su rage shayi mai kauri da tsakar dare. Tramol kuwa, da ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi ke sha don a manta gajiya, ƙara rikita barci da hankali yake, ga kamu. Wanda ya riga ya kamu, asibiti za a kai shi. Kora daga gida tura shi take yi wurin masu sayarwa.

Kada gida ya rufe ƙofa ya ce zai iya shi kaɗai. A ƙasar nan, a jihar Maraɗi, aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa. Mutane na ganin zubi da rance ne amfaninsa. Ni abin da na fi gani shi ne mako-mako akwai inda ake jiran ki, in ba ki zo ba a sani. A tamu ƙungiyar muna da ƙaramin asusun agaji daban da na rance, kuma wadda ta fasa zama biyu a jere ba tara muke fara ci mata ba, mata biyu muke turawa su gano lafiya. Maza su ma suna da wurinsu a ƙofar masallaci da majalisa. Namiji ba kasafai zai ce "ina cikin damuwa" ba, amma in aka kira gayya a tada katangar da ruwa ya kayar, yana cikin kwaɓa ƙasa zai faɗa wa abokinsa abin da bai faɗa wa matarsa ba. Liman da mai unguwa su riƙa lura da wanda ya ɓace daga sahu.

Akwai inda zama da saurare ba su isa ba. In mutum ya wuce mako biyu cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya daina burge shi, ba ci, ba barci, ya kasa aikin da ya saba, to ciwo ne, kuma yana da magani. Haka mai jego da ke yawan kuka, ta ƙi kula jaririnta ko ta riƙa cewa ita ba uwar kirki ba ce. Haka wanda ke jin muryoyin da babu mai jin su. A yi addu'a, a yi ruƙiyya in ana so, amma a haɗa da asibiti, kada a ɗaure mutum da mari ko a doke shi da sunan fitar da iska. In ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce "a'uzubillahi" a wuce. A tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe piya-piya da maganin ƙwarin gona da igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a tafi da shi asibiti a ranar.

A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su za su tura gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Wani na kusa ya raka shi, wanda ya ga yadda abin ya faro. Da yawa in sun shiga sai su ce "ciwon kai" ko "ciwon jiki" kawai, a ba su farasitamol su dawo gida da abin da ya kai su. A faɗa wa ma'aikacin lafiya duka: tun yaushe barci ya ƙaurace, me ya faru kafin nan, ko ana shan wani abu, ko an yi maganar mutuwa. In an ba da magani, a tambayi tsawon lokacin da za a sha da ranar komawa, domin irin wannan magani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi.